Na Taɓa Labarin Bayajidda a Aji, Uban Ɗalibi Ya Kawo Ƙarata

Wani matashin malamin tarihi a babbar sakandare ya aiko da wannan tambaya: "Malam, shekarata biyu da fara koyarwa. Makon jiya na gaya wa 'yan aji biyu cewa masana tarihi da yawa ba su yarda Bayajidda ne asalin Hausawa ba. Aji ya kaure da musu, abin ya yi mini daɗi, don ban taɓa ganin yaran sun farka haka ba. Bayan kwana biyu sai ga mahaifin wani yaro a ofishin shugaban makaranta, wai ina koya wa 'ya'yansu raina magabata. Shugaba ya ce in tsaya a kan manhaja. Shin kawo abin da ake taƙaddama a kai cikin aji yana sa ɗalibi tunani da gaske, ko tayar da ƙura ne kawai? In ci gaba ko in bari?"

Malam, sannu da aiki. Ka ci gaba, amma ka sake salo. Kalma ɗaya na riƙe a wasiƙarka, inda ka ce "na gaya wa 'yan aji". A nan gizo yake saƙar, kuma na gane wurin ne don ni ma na taɓa faɗawa ramin.

Shekarata ta farko da riƙe alli, a wata kwalejin horon malamai, na shiga aji da zafin sabon ilimi. Na karanta maƙalar da Farfesa Abdullahi Smith ya wallafa a 1970 kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa, inda ya nuna cewa birni da sarauta sun tsiro ne sannu a hankali daga ƙauye da gari, ta hanyar noma da ƙira da fatauci, ba wani baƙo ne ya zo da su a bayan doki rana ɗaya ba. Hujjar ta kama ni, har yau ma tana kama ni. Sai na tsaya gaban yara na ce musu labarin Bayajidda tatsuniya ce. Aka yi ta hayaniya kamar yadda aka yi a ajinka, na koma gida ina jin na yi aiki. Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo na tambaye su asalin Hausawa. Na zauna da jan biro ina buɗe takardu, kusan kowa ya rubuta jimla guda: labarin Bayajidda tatsuniya ce, masana sun tabbatar. Babu wanda ya kawo dalili ko ɗaya. Wani yaro ma a ƙasan takardarsa ya ƙara da ƙananan haruffa: "Malam, wanne za mu rubuta idan jarrabawar fita ta zo?"

A ranar na gane abin da na yi. Na karɓe musu hadda ɗaya na ba su wata. Da suna cewa "kakata ta ce", yanzu suna cewa "malam ya ce". Hayaniyar da na ɗauka tunani ce, ashe zafin taɓa abin da mutum yake ƙauna ne kawai.

To me ya sa duk da haka nake cewa ka ci gaba? Don ƙwaƙwalwa ba ta aiki inda hanya take a share. Yaron da aka ba amsa ɗaya tilo, aikinsa ya adana ta ya mayar ranar jarrabawa. Amma ka ajiye masa labari biyu waɗanda ba za su yiwu su zama gaskiya a lokaci guda ba, dole ya nemi ma'aunin da zai raba su: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, ya gani ne ko ya ji, me zai samu idan aka yarda da shi. Neman wannan ma'auni shi ne tunanin da muke magana. Masanin nan ɗan Suwizalan, Jean Piaget, ya daɗe da bayyana cewa fahimtar yaro tana girma ne lokacin da sabon abu ya ƙi shiga cikin tsarin da yake da shi a kai, har ya tilasta masa gyara tsarin. Wannan rabin zancen ne. Ɗaya rabin yana wurin Leon Festinger na Amurka. Shi da abokan aikinsa sun bi wata ƙungiya da ta yi imani cewa ambaliya za ta halaka duniya a ranar 21 ga Disamba, 1954. Ranar ta zo ta wuce, ko yayyafin halaka ba a gani ba. Maimakon su watse, waɗanda suka fi sadaukar da dukiya da aiki saboda wannan imani sai suka ƙara ƙanƙame shi. Idan abin da mutum ya yarda da shi ya haɗe da mutuncinsa, ka kai masa hari gaba da gaba, ba ya tsayawa auna hujja, kāre kansa yake yi. Saboda haka malamin da ya shigo da girgiza tsagwaronta, abu biyu yake girba: masu miƙa wuya don shi ne mai ba da maki, da masu taurin kai don an taɓa gidansu. Ɗan mutumin da ya kawo ƙararka wataƙila yana cikin kashi na biyu, sauran kuma da suka yi maka tafi kada ka yi saurin murna da su.

Bari in nuna maka yadda na koma koyar da darasin nan bayan na sha kunya. Ba na cewa komai a farko. Ina ce wa yara su ba ni labarin da bakinsu, kowa ya kawo gutsuren da ya sani, monita yana rubutawa a allo. Ya taso daga Bagadaza. Ya sauka Borno ya auri 'yar sarki. Ya gudu, ya bar matar a Garun Gabas. Ya biya Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijiya. Ya kashe macijiya, ya auri Daurama, aka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida da ɗan da aka bari a Biram suka zama Hausa Bakwai. Idan allo ya cika, sai in yi tambaya ɗaya in yi shiru: su wane ne maƙeran nan na Gaya?

Shirun nan yana da wuyar riƙewa, amma ka riƙe shi. Can sai wani ya ce mutanen garin ne mana. To wa ya haƙa rijiyar? Wa ya naɗa Daurama, kuma su wa take mulka? Da wane harshe Ayana ta ba shi amsa? A nan galibi wani yakan tuna cewa ai sunan ma ana fassara shi da "ba ya ji dā", wato bai iya yaren garin ba lokacin da ya zo. Sai ka ga ido ya buɗe. Labarin da kansa yana shaida cewa baƙon ya tarar da mutane da garinsu da sana'arsu da sarautarsu da harshensu. Ni ban ƙaryata kakar kowa ba. Daga bakin kakar aka ciro hujjar. Wata shekara wani yaro da ba ya magana a aji ya ɗaga hannu daga bencin baya ya ce, "Malam, in kafin Musulunci ne, ina suka san Juma'a?" Ban taɓa tunanin wannan ba sai ranar. Muka kwashe sauran lokacin darasin muna duba yadda labari yake ɗaukar kayan zamanin masu ba da shi, kamar yadda riga take ɗaukar ƙurar hanyar da aka bi da ita.

Sai bayan wannan nake shigo da hujjojin waje, kuma daga kowane ɓangare. Alamun narka tama da aka samu a Dutsen Dala, waɗanda aka auna shekarunsu zuwa wajen ƙarni na 7. Binciken harshe da ya sa Hausa cikin dangin harsunan Cadi, 'yar uwar Bolanci da Badanci da Ngizim, ba 'yar Larabci ba duk da tarin kalmomin aro. Ra'ayin waɗanda suka danganta Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyawa tawaye a Arewacin Afirka ya rasu a 947, suna cewa wataƙila mabiyansa ne suka gangaro kudu. Sannan abin da Daura take riƙe da shi: rijiyar tana nan ana zuwa ganinta, fada tana da jerin sarakunanta da kayan tarihinta, kuma zuwan baƙo ya auri sarauniya har mulki ya koma hannun maza ba abu ne da hankali zai ƙi ba. Tambayar sai ta tashi daga "gaskiya ne ko ƙarya", ta koma mai amfani: labarin asalin al'umma ne ko na asalin gidan sarauta? Wane aiki yake yi wa masu ba da shi? Wata ɗaliba Banufiya ta taɓa tsayar da ni a kan Banza Bakwai, ta ce, "Malam, mu wa ya raɗa mana banza, kuma muna wurin da aka raɗa?" Aka yi dariya, amma tambayar ta fi rabin abin da ke cikin littafin darasi nauyi. Wanda ya rubuta jeri, shi yake zaɓar wanda zai sa a sama.

Game da zargin mahaifin yaron, cewa wannan raina magabata ne, ina ganin bai san magabatan sosai ba, kuma mu malamai ne ba mu sanar da shi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, yana girmama shi matuƙa, amma da Malam Jibrilu ya tafi a kan kafirta mai aikata manyan zunubai, Shehu ya rubuta cewa wannan ba ita ce hanyar Ahlus Sunna ba. Abdullahin Gwandu ya saɓa wa yayansa Shehu a rubuce kan mas'aloli irin su kiɗa da tufafin ado da laƙabin sarauta. Babban misalin da na fi so shi ne na Muhammadu Bello. Bayan mayaƙan jihadi sun ci Birnin Gazargamu, babban birnin Borno, a 1808, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuto wa shugabannin jihadi yana tuhumarsu: da wane dalili kuke yaƙar mutanen Borno, alhali suna salla, suna azumi, suna zakka, suna gina masallatai? In don saɓo ne, saɓo ba kafirci ba ne, kuma babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga shi, har Masar da Sham. Bello ya mayar da amsa cewa ba don saɓo ake yaƙin ba, sai don sarkin Borno ya mara wa sarakunan Hausa baya a kan jama'ar Shehu Usmanu, da kuma wasu al'adu na yanka ga duwatsu da itatuwa. Abin lura shi ne, da Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, bai ɓoye wasiƙun abokin hamayyarsa ba. Ya kawo su cikin littafinsa, ya bi su da tasa hujjar, ya bar wa mai karatu. Yau da yawa daga cikin abin da muka sani na hujjar al-Kanemi, ta hannun wanda ake tuhuma muka same shi.

Wannan musayar wasiƙu ita ce darasin da na fi jin daɗin koyarwa a duk shekarun aikina, kuma ta fi Bayajidda zafi nesa, don a ajinmu akwai jikokin Sakkwato akwai na Borno. Dabarar da nake bi ta yi kama da wadda wasu 'yan'uwa biyu malaman Jami'ar Minesota, David da Roger Johnson, suka tsara. A raba yara huɗu-huɗu. Biyu su ɗauki hujjar al-Kanemi, biyu su ɗauki ta Bello, kuma ni nake rabawa, ba zaɓin rai ba. Kowane ɓangare ya gabatar, ɗayan yana rubutawa ba katsalandan. Daga nan sai a yi musanya: wanda ya kāre Bello yanzu shi zai tsaya wa al-Kanemi, da sharaɗin ya kawo aƙalla hujja ɗaya da na farko bai kawo ba. A ƙarshe su huɗun su ajiye ɓangaranci su rubuta shafi ɗaya tare, su faɗi inda suka haɗu da inda suka rabu. Wurin musanyar nan ake yin gumi. Na ga Bafulatani ɗan gidan malamai yana kāre Borno yana haɗe rai, har ya kai tsakiya ya tsaya ya ce, "Wallahi mutumin nan yana da magana." Bai bar ra'ayinsa ba, kuma ban nemi ya bari ba. Amma daga ranar ya san cewa wanda ya saɓa masa ba lalle jahili ko mugu ba ne. Ma'aunin da nake auna nasarar irin wannan darasi ke nan: ɗalibi ya iya faɗin hujjar abokin gardamarsa yadda shi abokin zai ce, "Haka ne, abin da nake nufi ke nan."

Za ka ce ajinka mutum tamanin ne ko fiye, benci ma bai isa ba. Na sani. Huɗu-huɗu ba ya buƙatar a ɗaga benci. 'Yan layin gaba su juyo su fuskanci na bayansu, shi ke nan. Hayaniya za ta yi yawa, don haka ka sanar da malamin ajin da ke maƙwabtaka da kai tun kafin ranar.

Sai dai ba kowane abu ne ake buɗe wa ƙofa biyu ba, kuma a nan malamai masu son a ce sun waye suke tafka kuskure. A 1976 masana koyar da siyasa a Jamus ta Yamma suka taru a wani ƙaramin gari, Beutelsbach, bayan shekaru ana rigima kan malaman da ke cusa wa yara aƙidar jam'iyyunsu. Abin da aka fitar daga taron har yau shi ake bi a makarantunsu: haramun ne malami ya danne ɗalibi da ra'ayinsa, abin da masana da 'yan siyasa suke saɓani a kai dole ya bayyana a aji a matsayin abin saɓani, kuma a koya wa ɗalibi ya gane inda maslaharsa take. Ka lura da na biyun, yana yanka ta gefe biyu. Abin da ake saɓani a kai kada ka rufe shi, abin da hujja ta riga ta rufe kuma kada ka yi kamar a buɗe yake. Ɗauki rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, sai a 2004 aka dawo da shi, kuma a tsakanin cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Malamin da zai raba aji biyu a yi muhawara kan ko rigakafin yana hana haihuwa, kamar hujjojin sun yi kunnen doki, ya cuci yara. Amma akwai tambaya ta gaske a wurin: me ya sa mutane masu hankali suka yarda da jita-jitar? Nan sai a kawo gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'ar da ta biyo baya. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya fahimci yadda cin amana ɗaya yake haifar da rashin yarda da gaskiya goma, ya koyi abin da zai yi masa amfani duk ranar da saƙo ya shigo masa ta WhatsApp.

Akwai kuma maganar shekaru. Malamanmu na zaure sun fi mu sanin wannan. Yaro yana farawa da Ahalari da Ishimawi, ƙauli ɗaya ake ba shi, ya iya alwala da salla tukuna. Sai ya wuce Iziyya da Risala ya kai Muhtasar ne zai fara cin karo da "ƙaulani" da "hilafu" da "taraddudi", kalmomin da ke nuna inda malamai suka saɓa. Bidayatul Mujtahid ta Ibnu Rushdi, wadda take jera mazhabobi ta kuma faɗi sababin saɓaninsu, ba a buɗe wa mai koyon baƙi da wasali ita. Saɓani yana amfanar wanda yake da abin riƙewa. 'Yan ajinka na babbar sakandare sun isa, amma ka tabbatar sun san labarin da kyau kafin a fara warware shi. Gardama a kan abin da ba a karanta ba, hirar teburin mai shayi ce.

Za su tambaye ka naka ra'ayin, wannan babu makawa. Lawrence Stenhouse, wanda ya jagoranci wani shirin manhaja a Ingila daga 1967 zuwa 1972 don yara 'yan shekara 14 zuwa 16, inda ake tattauna yaƙi da talauci da zaman iyali, ya tafi a kan cewa malami ya zama shugaban zama kawai, kada ya bayyana matsayinsa, don nauyin kujerarsa zai karkatar da sikeli. Na gwada hakan, kuma a wurinmu rabinsa ne yake aiki. Yaranmu an tarbiyyantar da su kada su ja da babba, saboda haka in ka faɗi ra'ayinka a farko, an gama, kowa zai bi. Amma in ka ƙi faɗa har abada, sai su ɗauka ko kana jin tsoro ko kana raina musu hankali. Ni sai sun gama rubuta nasu na karɓe takardu nake faɗin nawa, tare da dalilina da kuma wurin da nake ganin hujjata tana da rauni. Sannan in tabbatar cewa a cikin waɗanda suka fi kowa maki akwai wanda ya saɓa mini, in karanta takardarsa a gaban aji. Ranar da suka ga an saɓa wa malam an ci goma bisa goma, ranar suke yarda cewa da gaske kake. Malamai da yawa suna son su ja da littafi, su ja da sarki, su ja da gwamnati, amma ɗalibi ya ja da su sai fuska ta canza. Wanzami ba ya son jarfa.

Abin da ya shafi aƙida da alfarmar addini, musamman a ajin da ya haɗa Musulmi da Kirista, ko 'yan ɗariƙa da 'yan Izala, ina ba ka shawara da babbar murya: kada ka mai da abin da yaro yake bauta wa abin gwaji. A ƙasar nan mun ga yadda magana a harabar makaranta ta kai ga zubar da jini, kuma babu uzurin da zai wanke masu kisa. Amma ko da babu wannan haɗari, cin fuska ba ya koyar da komai. Za ka iya koyar da tarihin saɓanin ƙabalu da sadalu, wa ya ce me, da wace hujja, ba tare da ka tsaya kana yanke wa aji hukuncin sallar wa ta fi inganci ba. Haka nan ka guji darasin da yake aiki ta hanyar muzanta wani yaro. Ana yawan yaba wata malamar firamare a jihar Ayowa ta Amurka, Jane Elliott, wadda a 1968, washegarin kashe Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙar fata, ta raba 'yan aji uku bisa launin idonsu, ta fifita wasu ta ƙasƙantar da wasu don su ɗanɗani zafin wariya. Darasin ya yi suna a duniya, kuma har yau ana gardama a kan halaccinsa. Ni dai ba zan yi shi ba. Ka yi tunanin raba ajinka Hausa Bakwai da Banza Bakwai na kwana ɗaya. Sunan da za a laƙaba wa wani yaro a ranar zai bi shi har ya gama makaranta.

Gaskiya ne masu iko ba sa son malamin da ke sa yara tambaya. Mutanen Atina sun yanke wa Sokiratis hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, cikin tuhumar har da ɓata matasa. A nan gida, bayan kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello a watan Mayun 1986, an zargi wasu malamai da koyar da abin da ba shi ake biyansu su koyar ba, kuma a 1988 gwamnatin soja ta kama Dokta Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a Zariya, ta fitar da shi daga ƙasar. Amma kada ka yi saurin sa kanka a wannan sahu. Shugaban makarantarka ba Babangida ba ne, mutum ne da yake son ya kai ƙarshen zango ba a tara masa iyaye a bakin ofis ba. Kuma abin da ya ce ka tsaya a kai yana gefenka. Ka buɗe manhajar tarihi ta babbar sakandare, za ka tarar da darasi a kan hanyoyin samun tarihi, wato labarin baka da rubutattun takardu da tonon ƙasa da nazarin harshe, da ƙarfin kowanne da rauninsa. Ka rubuta tsarin darasinka ƙarƙashin wannan kan magana, Bayajidda ya zama misali, ka kai masa ya sa hannu kafin ka shiga aji. Shugaba yana ƙin abin da ya zo masa ba zato ne. Abin da ya sa wa hannu kuwa shi zai kāre shi.

Tambayar yaron nan nawa ta ƙasan takarda ma tana da haƙƙi a kanka. Yara za su zauna WAEC da NECO, kuma ba daidai ba ne ka sa su faɗi don kai ka waye. Ka koya musu su rubuta "bisa ga labarin baka na Daura" sannan su kawo labarin cikakke, su biyo da abin da masana suka ce. Wannan amsa ba mai duba takarda da zai hana ta maki.

Shi kuwa mahaifin, kada ka jira taron iyaye da malamai. Ka nemi wani dattijo cikin malaman makarantar ya raka ka gidansa bayan la'asar. Ku gaisa sosai, ka ba shi haƙuri a kan yadda maganar ta iso masa, don mai yiwuwa abin da yaron ya kai gida shi ne "malam ya ce ƙarya kuke yi". Sannan ka roƙe shi abu ɗaya: ya ba ka labarin Bayajidda yadda ya ji shi daga nasa iyayen, ka rubuta a gabansa, ka nemi izinin karanta wa aji ba tare da ambaton sunansa ba. Na yi haka sau biyu a rayuwata. Na farko ya sallame ni a tsaye daga ƙofar gida. Na biyun ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya riƙe ni har kiran magariba, kuma a nasa labarin akwai abubuwa biyu da suka saɓa wa na littafin darasi. Su na ɗora a allo mako na gaba, gefe da gefe da na littafin, na tambayi yara wanne ya girmi wani da kuma yadda za a yi a gane.